Ƙoƙon da Iya ta Ajiye a Bayan Ƙofa

Unguwar Shanu, Kaduna
Ranar Litinin

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da kawunka Isiyaku da mutanen gidansa a can Rigasa. Mu ma lafiya, sai dai jikin kakarka Iya, wanda shi ne dalilin wannan takarda. Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare ka a inda za ka.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa, tun da tsakanin Unguwar Shanu da Rigasa ba nisan da ya kai a rubuta takarda. Amma kai ne ɗana na fari, kuma sunan mahaifina gare ka. Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Haka na taso na ga ana yi. In na ce yau zan fara, na san harshena zai sarƙe. Ga shi kuma ran Juma'a da safe za ka shiga mota zuwa Kano, ran Asabar jirgi ya ɗauke ka zuwa Masar, karatun likita na shekara shida. Kwana huɗu suka rage. Kakarka ba ta da shekara shida a gaba, ina shakka ma ko tana da wata shida. Allah ne masani, amma ni nake ganin abin da take bari a kwano.

Yau kwana goma sha tara da barinka gida. Zan rubuta abin da ya faru ran Larabar nan yadda na gan shi, don ka san ina wurin. Nomau, ƙanen Iya, ya rasu a ƙauye. Iya ba ta iya tafiya, sai ta dama farau-farau a ƙoƙo ta ajiye a bayan ƙofar ɗakinta, kullum da safe ta sake sabo. A rana ta biyar ka shiga gaishe ta, ka gani.

Ka ce, “Iya, wannan fa?”

Ta ce, “Na baƙo ne.”

“Wane baƙo?”

“Kawun ubanka. Yana zagayen sallama. Kada ya iso gidan 'yar'uwarsa ya tarar ba ruwa.”

Ka ɗauki ƙoƙon ka fito ka tuttular a kwata. Ka ce wannan shirka ce, kuma mutumin da ya mutu bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba ba shi da rabon komai a gidan nan. Iya ta dafa bango ta fito har bakin ƙofa, ta ce, “Ka hana ɗan'uwana ruwa? To kai ma ka je baƙon wuri, ka nemi mai ba ka ruwa ka rasa.”

Ni ina zaune a kan kujera a tsakar gida, jarida a hannuna. Ban ce uffan ba. Ka haɗa kayanka ka fita, ban ce uffan ba.

Ba zan yi maka gardamar addini ba. Ni ma ban yarda matacce yana shan ruwa ba, kuma na san malaman da kake zama wurinsu sun fi ni karatu. Abin da nake da shi kawai kurakuraina ne, don hanyar da ka hau ran nan na riga ka binta, kuma na san inda take ɓullewa.

Ka san mahaifina tela ne, mutumin Zariya, ya auro Iya daga wani ƙauyen Maguzawa, ta musulunta a hannunsa. Abin da ba ka sani ba shi ne yawan zaman da na yi a ƙauyen nan ina yaro. Kowace damina can ake kai ni. Nomau ne ya koya mini riƙon fartanya, shi ya koya mini iyo a rafi, a kafaɗarsa nake dawowa daga gona in ƙaya ta soke ni. Ina da shekara tara kakana, uban su Iya, ya rasu ina can. Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen gero ana dakawa, wannan makon nake tunawa. An yi kiɗa, an jera tulunan giya a gindin ɗorawa, dangi sun zo daga ƙauyuka har da waɗanda ban taɓa gani ba. Mu jikoki aka sake mu mu yi abin da muka ga dama. Wani ɗan'uwanmu ya sa malfar tsohon, ya ɗauki sandarsa, ya riƙa ɗingishi yana tari irin nasa, yana zagin awaki yadda yake zaginsu. Mata suna hawaye suna dariya a lokaci guda. Na tambayi Iya me ya sa ake dariya alhali an yi mutuwa. Ta ce tsohon ya ga jikokinsa, ya ci noman hannunsa, rakiya ake yi masa.

A wannan makon na fara ganin ƙoƙon. Kowane gida na dangi akwai shi a bayan ƙofa. A wurinsu, in mutum ya mutu kurwarsa ba ta wucewa nan take. Kwana bakwai take yi tana bin gidajen 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya tana sallama, kuma baƙon da ya sha tafiya ruwa ake fara ba shi. A rana ta bakwai sai a zuba ruwan a bakin ƙofa, a ce masa ya sauka lafiya, kada ya waiwayo, an yafe masa, shi ma ya yafe. Daga nan an rabu ke nan. Kwana biyu suka rage wa Iya ta sallami ƙanenta.

Kuskurena na farko, ina da shekara ashirin da huɗu, ina ƙaramin akawu, zamanin Turawa. Mahaifina ya rasu da asuba a gidan nan. Ba mu kai shi ba sai bayan azahar, don ana jiran ƙannensa daga Zariya. Kafin nan sai ga Nomau da mutum huɗu, a'a, biyar ne har da wani tsoho mai ido ɗaya. Dama suna hanya, labarin ciwon ya kai musu. Sun sauko daga bayan babbar mota, ƙura har gira, da damin gero biyu don gumbar sadaka. Zaure cike da mutanen ofis da manyan riguna. Na hango su daga nesa. Na tare su tun a waje, na zagaya da su ta ƙofar baya, na shimfiɗa musu tabarma kusa da turken awaki.

Nomau ya kira ni gefe. Ya ce, “Ɗan Iya, a wurinmu ƙanen matar mamaci shi ke fara saran ƙasa. Ba zan shiga sallarku ba. Sara ɗaya zan yi in koma gefe.”

Na ce, “Kawu, akwai masu haƙa.”

Ya ce, “Na sani. Sara ɗaya.”

Na ce a'a. Ban tambayi liman ba, ban tambayi kowa ba, don ba hukuncin nake tsoro ba, idon mutanen ofis nake tsoro. Ya dube ni, ya ce to, ya koma kan tabarmarsa. Kwana uku suka yi a wurin nan. Da geron da suka kawo aka yi gumbar da mutanen zaure suka ci suna yabawa. Yau a cikin waɗanda na ji kunyarsu ba na iya tuna sunan ko mutum uku.

Saboda haka, duk wanda ya taka ƙafa ya zo maka gaisuwar mutuwa, ka zaunar da shi inda ka zaunar da kowa. In kuma za ka hana mutum wani abu, ka tsaya ka tambayi kanka ko don Allah kake hanawa ko don masu kallo. Ni sai bayan shekaru na gane wanne ne nawa.

Na biyu a cikin takabar Iya ne. Ta yi ta yadda addini ya ce, wata huɗu da kwana goma, ba kitso, ba lalle, ba fita. Amma tana ɗaure da 'yar wuƙa a gefen zane, kuma kullum da hantsi sai ta zauna kusa da keken ɗinkinsa ta riƙa ba shi labari. “Malam, akuyar nan ta haihu, biyu. Malam, mai rigar nan ya zo ya karɓa, ya ce wuyan ya yi masa daidai.” Na tsorata, na ɗauka kanta ne ya taɓu. Na shiga na ce mata ta bari, maƙwabta suna ji, wanda ya mutu ya mutu. Washegari na sa aka ɗauke keken aka kai shagon abokinsa. Ta bari kuwa. Ta bar maganar, ta bar cin abinci tare da ita. Kwana tara kunu kawai ke shiga cikinta, shi ma sai an yi da gaske. Bayan nan ma ba ta koma daidai ba.

Ka san abin da ya tashe ta? Kai. Ba a rufa shekara ba aka haife ka, aka sa maka sunansa. Ta karɓe ka ta duba kunnuwanka, ta ce, “Ai ga shi ya dawo, har da kunnen.” Daga ranar ka zama Maigida. Ina jin ku tun kana ɗan shekara biyar.

“Maigida, yau ma haka za ka fita ba cefane?”

“Na sake ki, tsohuwa! Na samo yarinya a makaranta.”

“Wa za ta auri mai majina? Dawo nan in share maka hanci.”

Za ka zama likita, za ka ga masu makoki fiye da yadda na gani. Kada ka gaggauta su. Wani da kuka yake fitar da abin, wani da shiru, wata kuma sai ta yi hira da keken ɗinki. In abin bai cuci kowa ba, ka ja bakinka ka zauna kusa.

Na uku ya fi mini ciwo, kuma ban taɓa yin maganarsa da kowa ba. Kana da shekara bakwai ƙanwarka Ladi ta rasu, baƙon dauro, tana da shekara uku da wata biyu. Na ɗauka ƙarfin hali shi ne a yi kamar ba a yi ba. Bayan kwana biyu na koma ofis. Na tattara 'yan kayanta na bayar. Na ce kada a ƙara ambaton sunanta a gidan, don kada a tayar wa mahaifiyarka da hankali. Da ka tambaye ni ina Ladi, na ce ta yi tafiya. Ka yi wata guda kana leƙa ƙofar gida in ka ji tsayawar mota.

Mahaifiyarka ta rame har zobenta yana zamewa. Iya ce ta karya dokata. Wata rana na dawo da la'asar na ji su a ɗaki. Iya tana cewa, “Kira sunanta, 'yar nan. Ladi. Faɗi. Ai ba ɓata ta yi ba, mun san inda take. A wurinmu yaro in ya tafi, kakanninsa ke karɓarsa. Tana hannun Malam yanzu, kin san shi da son yara, yana can yana ɗinka mata 'yar riga.” Mahaifiyarka ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ran jana'iza, har na ji tsoro. Amma a ranar ta ci tuwo. Kuma Iya ce ta ɗora ka a cinya ta gaya maka gaskiya, cewa Ladi ta rasu, ba za ta dawo a mota ba. Ni da karatuna na kasa, ita da ba ta san alif ba ta iya.

Kada ka yi wa yaro ƙaryar tafiya. Kada ka hana a kira sunan mamaci. Kuma in ka ga tsohuwa ta san wani abu game da mutuwa, ka saurara kafin ka gyara mata. Iya ta binne iyaye, da miji, da 'ya'ya uku kafin ni, da jika. Kai ba ka taɓa riƙe makara ba.

Na ƙarshe shi ne wanda ya jawo abin da ya faru tsakaninku, don haka ka karanta shi da kyau.

Ka san na koma karatu da furfurata, na gama digiri bana ina da shekara arba'in da shida. Kundin da na rubuta na kammalawa a kan al'adun binne mamaci ne a ƙauyen su Iya. Bara na je can da rikoda, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Nomau ya tsufa, idonsa ya yi hazo, amma ya gane muryata tun daga bakin danga. Ya sa aka yanka mini zakara. Kwana uku yana ba ni bayani, na cika kaset huɗu. Komai na tambaya sai in sake tambaya, don kada in rubuta kuskure: zurfin kabari, ina kai ke fuskanta, wa ke wanka, wa ke fasa tukunyar da ake rufe ramin da ita. Ya yi ta dariya yana cewa, “Ɗan Iya, ko kai za ka binne ni ne?”

A cikin kundin ban rubuta cewa kawuna ne ba. Na rubuta “wani dattijo”. Iya kuma na rubuta “wata tsohuwa mazauniyar Kaduna”. Na gaya wa kaina haka tsarin rubutun ilimi yake. Ƙarya nake yi wa kaina, turken awakin nan ne na sake kai su.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, “To ka ji duka yanzu. In tawa ta zo, za ka zo? Ba na ce ka sha giya ba. Ka tsaya kawai a madadin 'yar'uwata, ka ce ta sallame ni.”

Na ce in Allah ya yarda.

Saƙon rasuwarsa ya iso ran Juma'a da yamma. Washegari Asabar ne bikin yaye mu, kai ma kana wurin, ka ga ina sanye da doguwar rigar nan. Na ce Lahadi zan tafi. Lahadi na tuna Litinin ake raba takardun wurin aiki, na ji tsoron kada in makara a tura ni inda ba na so. Litinin aka ce a dawo Talata. Talata aka ce Alhamis. Kowace safiya Iya tana tambayata, “Yau ne?” ina ce mata gobe. Da ta ga ba mai kai mata sallamarta, sai ta yi abin da ya rage mata, a ɗakinta, a bayan ƙofa, inda ta ɗauka ba mai gani. Da na je, da ba ta ajiye ƙoƙon nan ba. Shi ya sa na kasa ɗaga kai daga jarida. Kai ka zubar da ruwan, amma ni na sa aka dama shi.

Ranar Lahadin da ta wuce ta sama na je ƙauyen. Na makara da komai, an watse. Ɗansa ya kai ni kabarin, na tsaya na ce Iya ta sallame shi. Ban san ko ya ji ba. Na dai faɗa.

In mutum ya ce ka zo ran mutuwarsa ka amsa, to ranar ba ta da gobe. Takardar aiki ta jira ni, ran Alhamis na same ta a kan tebur ba abin da ya taɓa ta.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Wataƙila kana zaton so nake ka zo ka durƙusa ka ce ka yi kuskure. In ka yi haka ka kyauta, amma ba shi Iya take nema ba. Jiya da hantsi na shiga na tarar ta juya fuska bango. Ta ce, “Yaushe ne jirgin Maigida?” Na gaya mata. Sai ta ce, “Bakina yana bin yaron nan. Na faɗa cikin fushi, kuma bakin kaka ba ya faɗuwa ƙasa. Zai je inda ba shi da uwa ba shi da uba, ya yi ciwo, ya nemi ruwa. In na mutu ban janye ba, wa zai janye? Ni ma ba zan kwanta ba, ina nan ina zagaye.”

Na ce, “Iya, ki janye daga nan mana, Allah yana ji.”

Ta ce, “Kai dai da karatunka ba ka san komai ba. Da ruwa na yi, da ruwa ake warwarewa. Sai ya zo na ba shi da hannuna ya sha.” Can kuma ta ce, “Ka ce wa mijin banzan nan, in ma sakina zai yi ya zo ya faɗa a gabana.”

Ka ga ba gafararka take jira ka nema ba, tsoro take ji saboda kai. Kai kana iya cewa maganar baki ba ta yin komai sai abin da Allah ya rubuta, kuma gaskiya ne. Amma ita ta yarda, kuma da wannan nauyin take kwana take tashi. Ba wanda zai iya sauke mata shi sai kai. Babu shirka a cikin jika ya sha ruwa daga hannun kakarsa. In kana shakka ka tambayi malaminka, ka gaya masa duka, har da abin da ka faɗa mata.

Ka zo ran Alhamis bayan azahar, lokacin ne take ɗan samun ƙarfi. Ka yi sallama da ƙarfi, kunnenta na hagu ya daina ji. Za ta ɗebo a randa da kanta, kada ka karɓe mata, ko da ka ga tana tangaɗi. Hannunta yana rawa yanzu, rabin ruwan zai zube maka a riga. Ka tallafi moɗar daga ƙasa, ka sha, ko ba ka jin ƙishirwa. Ka shanye duka.

Ni kuma abin da na yi maka, na shirun ran Laraba da na ƙaryar tafiyar Ladi, ka yafe mini. Ni na yafe maka duniya da lahira.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka gaishe da kawunka da iyalinsa. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a mota da jirgi, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka san kowa ba. Allah ya ba ka abin da ka je nema, ya sa hannunka ya zama na waraka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani. In da rabon mu sake ganawa, Allah ya nuna mana. Amin.

Ni ne mahaifinka.